Tausar ƙoƙon kai ba ta miƙar da karkataccen baya

Mutum ya kwanta rigingine da kayansa a jikinsa. Mai magani ya zauna ta wajen kansa, ya tallabo ƙeyarsa da tafukan hannu biyu, ya yi tsit. Minti biyar, minti goma, ba ka ganin ko yatsa ya motsa. Can ya taso ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kwankwaso, ya sake yin shiru. Bayan kamar minti 45 mutumin ya tashi yana miƙa yana hamma, ya ce jikinsa ya saki. Wannan ita ce tausar ƙoƙon kai, wani reshe na ostiyofati, wato tsarin magani ta hanyar dannawa da motsa ƙasusuwa da tsoka da hannu. A Turai da Amurka akwai masu tallata ta a matsayin taimako mai sauƙi ga yaran da ƙashin bayansu ya karkace, larurar da likitoci ke kira sikoliyosis, da kuma manyan da wuya da kafaɗu suka riƙe musu. Da yake yanzu talla ba ta neman biza, uwa a Kano ko Maraɗi za ta iya cin karo da ita a Facebook ta ji zuciyarta ta kwanta, tun da ba wuƙa, ba allura, ba ciwo.

Ra'ayina a nan a fili yake. Baligin da gajiya ta ɗaure masa wuya, in yana da kuɗinsa ya je a tallabe masa kai, ba ni da ta cewa. Amma yarinya 'yar shekara 11 da bayanta ya fara karkata, duk wanda ya karɓi kuɗin iyayenta a kan zai miƙar da ita da wannan tausa ya cuce su, ko da bai yi niyya ba. Hannunsa ba zai ji mata rauni ba. Watannin da za ta ɓata a wurinsa su ne asarar, domin ba sa dawowa.

Asalin abin daga Amurka ne. Andrew Taylor Still ya kafa ostiyofati a 1874, ya buɗe makaranta a garin Kirksville na jihar Missouri a 1892. Wani ɗalibinsa, William Garner Sutherland, ya tsaya yana kallon ƙoƙon kan da aka rarraba ƙasusuwansa, ya ga gefen ƙashin wajen kunne a fiƙe yake, yana hawa kan na kusa da shi kamar marfin kunnen kifi. Sai ya raya a ransa cewa abin da aka yi wa irin wannan siffa don ya yi motsi aka yi shi. Daga wannan tunani ya gina koyarwarsa a shekarun 1930: wai ƙasusuwan kai suna buɗewa suna rufewa a hankali, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka yana kai da komowa, motsin kuma yana sauka har ƙashin ƙarshen kwankwaso ta cikin fatar da ta lulluɓe laka. A shekarun 1970 John Upledger na Jami'ar Jihar Michigan ya sauƙaƙa darasin ya buɗe shi ga waɗanda ba likitoci ba. Mabiyansa ne ke koyar da cewa nauyin hannu kada ya wuce giram 5, wato nauyin fallen takardar A4 guda ɗaya, kuma mai gwaninta zai ji bugun kai sau 6 zuwa 12 a minti, daban da bugun zuciya da numfashi.

Akwai gaskiya a cikin wannan labari, shi ya sa yake da daɗin ji. Ruwan nan yana nan, kusan mililita 150 a jikin baligi, jiki kuma yana sarrafa kusan rabin lita a yini yana sabuntawa. Fatar laka ma da gaske tana manne a gindin ƙoƙon kai da kuma ƙashin kwankwaso. Kan jariri yana da laushi, kowace uwa ta san maɗiga, wadda kan rufe tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu. Matsalar ita ce abin da aka ɗora a kan wannan gaskiya. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ranar babbar Salla ya ga layukan nan masu kama da haƙoran zarto inda ƙasusuwa suka sarƙe da juna, ya kuma san da gatari ake raba su. Mahaɗar da ke gindin kai, wadda mabiya Sutherland suka ɗauka ita ce cibiyar motsin, guringuntsi ce a yarinta, amma tana zama ƙashi ɗaya a shekarun balaga. Ko da an yarda akwai ɗan motsi da ido ba ya gani a wasu layukan, babu wanda ya nuna cewa nauyin fallen takarda, ta saman gashi da fata, zai iya juya shi yadda ake so.

Hujjar da ta fi kashe min jiki ita ce ta bugun kansa. An sha gwada abu mai sauƙi tun shekarun 1990: a kwantar da mutum ɗaya, masu tausa biyu su ƙirga bugun kansa, ko bi da bi, ko ɗaya a kai ɗaya a ƙafa a lokaci guda, ba tare da sun ga juna ba. Lissafinsu ba ya haɗuwa. Ma'aikatan jinya biyu in suka riƙe wuyan hannun mutum ɗaya za su faɗi bugun zuciya kusan iri ɗaya, domin abin yana nan. A 2016 masu bincike a Grenoble ta Faransa suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan wannan fanni, suka ce ba su sami hujja mai ƙwari ba, ko a kan gano cuta da hannu ko a kan warkarwa. In ma'aunin da kake gano cuta da shi ba ya ba mutum biyu amsa ɗaya, da me za ka san ka gyara?

Shi kuwa karkacewar baya ma'auninsa a bayyane yake. Ana ɗaukar hoton ƙashi mutum yana tsaye, ba a kwance ba, domin kwanciya tana rage lanƙwasar ta ruɗi mai dubawa. A ja layi a saman ƙashin da ya fi karkata daga sama, a ja wani a ƙasan wanda ya fi karkata daga ƙasa, kusurwar da suka bayar ita ce kusurwar Cobb, sunan likitan da ya tsara ta a 1948. Daga digiri 10 ake kiran abin sikoliyosis. Yana samun kusan yara 2 zuwa 3 cikin ɗari a shekarun tasowa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari ba a san musabbabinsa ba, sai dai yana bin dangi. Ɗaukar tallar kai, jakar makaranta, zaman banza a kan tabarma, babu ɗaya da aka tabbatar yana jawo shi, don haka a daina ɗora wa yarinya laifi. Ƙananan lanƙwasa suna samun maza da mata kusan daidai, amma waɗanda ke ƙaruwa har su buƙaci magani mata sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne baya ba gefe kawai yake lanƙwashewa ba, murɗewa yake yi kamar igiyar da ake tufkawa. Ƙasusuwan baya 12 da ke saitin ƙirji kowanne yana riƙe da haƙarƙari biyu, to in ƙashin ya juya sai ya ja haƙarƙarin gefe ɗaya baya, ya tura na ɗaya gefen gaba. Wannan shi ne tudun da ake gani. Kuma ƙashin da ke girma yana da ɗabi'a: gefen da nauyi ya danne yana girma a hankali, gefen da ya sami sarari yana girma da sauri. A haka ƙashin da ya kamata ya zama kamar bulo sai ya koma kamar weji, kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗaya. Wejin ya ƙara lanƙwasa, lanƙwasa ta ƙara danna, danna ta ƙara weji. Siffar ƙashin ce kanta ta sauya. Ko da tausa ta saki kowace tsoka a jiki, wejin yana nan daram.

Wannan juyi yana da lokacinsa. Ya fi gudu lokacin da yaro ke harbawa sama, ga 'yan mata wajen shekara 11 zuwa 12, kafin fara al'ada, ya kuma lafa kamar shekara biyu bayan farawa. Maza sukan makara da kusan shekara biyu. Likita yana duba saman ƙashin ƙugu a hoton don ya san sauran girma, abin da ake kira alamar Risser, daga 0 (akwai sauran girma sosai) zuwa 5 (an gama girma). Yarinya mai digiri 25 da Risser 0 tana bakin rami. Budurwa mai digiri 25 ɗin da Risser 5 kusan ta tsira, domin lanƙwasar da ba ta kai 30 ba bayan an gama girma yawanci a nan take tsayawa. Wadda ta haura 50 kuwa takan ci gaba da ƙaruwa kusan digiri ɗaya a shekara ko bayan an gama girma. Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A wurinmu akwai abin da ke ɓoye wannan larura, kuma ba laifin kowa ba ne. Daidai shekarun da baya ke karkata su ne shekarun da uwa ta daina yi wa 'yarta wanka, yarinya ta fara kunya, hijabi da doguwar riga suka rufe komai. Ciwon kuma galibi ba ya zafi. Sau da yawa tela ne ke fara lura, in ya ga gefen riga ɗaya kullum yana fin ɗaya sauka. Gwajin da uwa za ta yi a ɗaki bai kai minti biyu ba. Yarinya ta tuɓe rigar sama, ta tsaya ba takalmi, ƙafafu a haɗe. A duba ta baya: kafaɗa ɗaya ta fi tsawo? Allon kafaɗa ɗaya ya fi fitowa? Ratar da ke tsakanin hannu da ƙugu daidai take a gefe biyu? Sannan ta sunkuya kamar mai ruku'u, gwiwoyi a miƙe, amma maimakon ta dafa gwiwa sai ta haɗa tafukan hannu ta sake su suna lilo. Uwa ta durƙusa ta baya, idonta daidai da gadon bayan. In gefe ɗaya na haƙarƙari ko na kwankwaso ya yi tudu fiye da ɗaya, asibiti ya kama. A maimaita duk wata shida daga shekara 10 zuwa 14. A asibiti akwai ɗan ma'auni da ake ɗorawa a kan tudun, in ya nuna digiri 7 ko fiye sai a tura ɗaukar hoto.

Ƙasa da digiri 20 zuwa 25, sa ido ake yi, a sake hoto duk wata huɗu zuwa shida muddin yaron yana girma. Ana iya haɗawa da atisaye na musamman a sashen gashin ƙashi, irin tsarin da Katharina Schroth ta fara a Jamus a 1921, inda ake koya wa yaro ya gyara tsayuwarsa a gaban madubi, ya riƙa tura numfashi zuwa gefen ƙirjin da ya lotse. Hujjar wannan atisaye matsakaiciya ce, amma akwai ta. Daga 25 zuwa 40, in akwai sauran girma, sai rigar roba mai tauri da ake ƙerawa daidai jikin yaron. Daga 45 zuwa 50 ake fara maganar tiyata.

Rigar nan ta sha gwaji na gaske. A 2013 aka wallafa sakamakon wani bincike da Stuart Weinstein ya jagoranta a asibitocin Amurka da Kanada, yara 242. Waɗanda suka sa riga, kashi 72 cikin ɗari sun gama girma ba su kai digiri 50 ba. Waɗanda aka sa wa ido kawai, kashi 48. An maƙala wa rigunan na'urar jin ɗumin jiki don a san ainihin awannin da aka sa su, sai aka ga masu sawa awa 13 ko fiye a yini, kusan tara cikin goma sun tsallake, masu sawa ƙasa da awa shida kuwa ba su da bambanci da marasa riga. Sai da aka tsayar da binciken kafin lokacinsa domin amfanin ya fito sarari. Tausar ƙoƙon kai ba ta da wani abu mai kama da wannan a kan sikoliyosis, ko na kusa da shi.

Kada a ɗauka rigar abin daɗi ce. Awa 18 a yini ake nema, shekara biyu ko uku. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Zinder wannan jarrabawa ce babba: ƙuraje, zufa, fata ta yi ja a kan ƙashin ƙugu. Ana sa singiletin auduga mara ɗinki mai kauri a ciki, a canza shi sau biyu ko uku a yini, a guji shafa mai a wurin da rigar ke dannawa domin yana tausasa fata ta saluɓe. In aka cire riga jan bai baje ba bayan kamar rabin awa, wurin ya matse da yawa, a koma wa maƙerin ya gyara. Ana farawa da 'yan awanni a ƙara a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. A ɗauki hoto da rigar a jiki don a tabbatar tana gyara wani abu, domin rigar da ba ta rage kusurwa ba ado ce. Yaro in ya ƙara tsawo rigar takan yi masa kaɗan, ɗan filon cikin rigar da ke tura haƙarƙari ya sauka daga inda ya kamata. Bel ɗin roba da ake sayarwa a kemis na ciwon baya ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Babban abin da ke kayar da magani kuwa kunya ce: yarinya ta fita da riga, ta cire a makaranta saboda tsokanar ƙawaye.

To a nan ne nake da ja da kalmar da masu tausar ke fakewa da ita, wai su ƙari ne kawai a kan maganin asibiti, ba madadinsa ba. A takarda haka ne. A cikin gida kuwa, ga riga mai zafi da yarinya ke kuka a kanta, ga tausa mai daɗi da take tashi daga ita tana murmushi, mai tausa kuma yana cewa ya ji jikin yana sakewa. Wace uwa ce ba za ta karkata ba? Aljihu ma ɗaya ne. Kuɗin zama goma na tausa shi ne kuɗin hoto da mota da gyaran riga. Kuma da yake yawancin ƙananan lanƙwasa da kansu suke tsayawa, mai tausa zai riƙa samun iyaye masu yi masa shaida da zuciya ɗaya, alhali ko ba a taɓa yaran ba haka za su tsaya. Hotunan kafin da bayan da ake nunawa su ma ba abin dogaro ba ne. Sauya tsayuwa kaɗai yana canza kamannin baya, kuma ko a hoton ƙashi bambancin da bai wuce digiri 5 ba yana cikin kuskuren awo.

A ƙasashenmu akwai ƙarin dalilin yin hattara, domin ba kowane lanƙwasasshen baya ne irin na balaga ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, ƙashin ya rufta ta gaba, ƙusumbi mai tsini ya fito. Yana zuwa da ciwon da ba ya barin barci, zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, wani lokaci ba tari ko ɗaya. Maganinsa ƙwayoyin tarin fuka ne, sau da yawa har shekara guda, kuma in aka yi jinkiri ƙafafu suna iya mutuwa. Wanda shan inna ta taɓa shi yana ƙarami bayansa kan karkata saboda raunin tsoka. Wani kuma ƙafarsa ɗaya ce ta fi gajarta, in ya zauna lanƙwasar ta ɓace, ƙarin tsayin takalmi ya ishe shi. Yaron da bai kai shekara 10 ba, ko wanda tudun ƙirjinsa ke hagu maimakon dama, ko mai jin kasala da dindiris a ƙafa, ko wanda fitsari ya fara kufce masa, wannan sai an duba lakarsa da hoton MRI. Babu ɗaya cikin waɗannan da tafin hannu a ƙeya zai gano. Haka mai ɗori, duk gwanintarsa a karayar hannu, in ya hau bayan da tarin fuka ya rarake yana dannawa, zai iya ƙarasa abin da cutar ta fara. Wurin zuwa shi ne likitan ƙashi: Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, asibitocin koyarwa, ko a Gana asibitin FOCOS da Dakta Oheneba Boachie-Adjei ya kafa a Accra, wanda ya yi suna a tiyatar karkataccen baya.

Batun ɗaurewar jiki kuwa, zan yi wa tausar adalci. Akwai wani gwaji a Jamus a 2016 da mutum 54 masu daɗaɗɗen ciwon wuya, inda waɗanda aka yi wa ita suka fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa taɓawar bogi. Ƙaramin gwaji ne, kuma in aka tara irinsa duka sakamakon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma ba sai an yarda da motsin ƙoƙon kai ba kafin a fahimci dalilin jin daɗin. Ɗaki shiru, waya a kashe, hannu mai ɗumi a ƙeya inda ƙananan tsokokin da ke riƙe kai suke, numfashi ya yi tsawo, bugun zuciya ya sauka, muƙamuƙi ya saki. Kakanninmu da ke sa jika ya matsa musu kafaɗa bayan isha'i sun san wannan ba tare da sun ji sunan Sutherland ba. Sauƙin na kwana ɗaya ne ko biyu, domin tela ko mai aikin kwamfuta in ya koma ya duƙa awa takwas wuyan zai sake riƙewa. Abin da ya fi ɗorewa shi ne tashi duk rabin awa, ɗaga abin aiki zuwa daidai ido, tsumma mai ɗumi minti 15 a wuya, tafiya da ƙafa, da atisayen ƙarfafa tsokar wuya da kafaɗa sau biyu ko uku a mako.

Ko a nan ma akwai waɗanda bai kamata a taɓa kansu ba: wanda ya bugu a kai kwanan nan, mai zubar jini ko kumburin jijiya a ƙwaƙwalwa, wanda aka yi wa tiyatar kai, da wanda ciwon kai mai tsanani ya faɗo masa farat ɗaya, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarar wuya, wanda a lokacin zafi kowa ya san abin da ake tsoro. Jarirai sun fi kowa buƙatar kariya. Faransa tun 2007 ta hana masu ostiyofati sarrafa kai da fuska da bayan jaririn da bai kai wata shida ba sai da takardar likita.

Uban da duk da haka yake son ya kai 'yarsa, ya riƙe hoton ƙashin farko da kwanan watansa da lambar kusurwar. Ya tambayi mai tausa, wannan lambar kake cewa za ta ragu, ko jin daɗi kawai za ta samu? In ya ce jin daɗi, ya faɗi gaskiya, sai a auna ko aljihu zai ɗauka bayan an biya hoto da riga. In ya ce a jingine rigar domin tana hana jiki numfashi, ko ya ce ba sai an sake hoto ba, a ɗauki yarinya a fita. Ranar komawa wurin likitan ƙashi kuma tana nan yadda aka rubuta ta a kati, wata huɗu ko shida, ko yarinyar ta ce ta ji sauƙi ko ba ta ce ba.